Daga Horo Zuwa Laifi: Tarihin Manufofin Nijeriya Kan Cin Zarafin Mata

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin matakan da hukuma ta ɗauka a Nijeriya game da cin zarafin mata da 'yan mata, tun daga dokokin da aka gada wajen Turawan mulkin mallaka har zuwa dokar shekarar 2015 da abin da ya biyo bayanta. Abin nufi da cin zarafi a nan shi ne duka, da fyaɗe, da kaciyar mata, da korar mace daga gidanta, da gallaza wa wadda mijinta ya rasu. Manufar ita ce a nuna cewa an daɗe ana ɗaukar yawancin waɗannan a matsayin harkar cikin gida, kuma sauyin da aka samu ya faro ne daga sauya musu suna, wato abin da da ake kira horo ya koma laifi.

2.0 Dokokin da Aka Gada

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa ba ta rasa hanyoyin kare mace ba. A mazhabar Malikiyya alƙali na da ikon raba aure idan mace ta tabbatar da cewa miji na cutar da ita. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da al'ada ke zartarwa daban.

Nijeriya ta sami 'yancin kai da manyan dokokin laifuffuka guda biyu. Kudu na amfani da Kiriminal Kod ta 1916, Arewa kuma da Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960 bayan shawarar kwamitin masana shari'a na 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. An ɗora ta ne a kan dokar Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860.

Sashe na 55 na Final Kod ya jero mutum huɗu waɗanda horonsu ba laifi ba ne: uba ga ɗansa, malami ga ɗalibinsa, maigida ga baransa, da miji ga matarsa, muddin al'adarsu ta yarda da haka kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Sashe na 241 ya fayyace mummunan rauni da abubuwa irin su makanta, da karaya, da zubar haƙori, da ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Ke nan duk dukan da bai kai wannan haddi ba doka ta kau da kai daga gare shi. Sashe na 282 kuwa ya ce saduwar miji da matarsa ba fyaɗe ba ce idan ta balaga. Ita ma dokar Kudu ba ta tsira ba, domin sashe na 353 ya yanke ɗaurin shekara 3 ga wanda ya yi wa namiji harin rashin ɗa'a, amma sashe na 360 ya yanke shekara 2 idan mace aka yi wa.

3.0 Zamanin Yarjejeniyoyi da Ofisoshi

Mataki na biyu ya zo ne daga waje. A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar kawar da duk wani nau'in wariya ga mata, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1985. A 1989 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Mata ta Ƙasa, wadda aka ɗaukaka ta zama ma'aikata a 1995, shekarar da aka yi babban taron mata na duniya a Beijin. Daga baya ƙasar ta amince da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka a 2004, ta kuma fitar da manufar ƙasa kan jinsi a 2006.

Wannan mataki ya haifar da ofisoshi da taruka, amma bai taɓa ko harafi ɗaya na sashe na 55 ba. Dalili shi ne sashe na 12 na tsarin mulki ya tanadi cewa babu yarjejeniyar da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Har a watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata, wanda aka so ya cike wannan giɓi.

4.0 Zamanin Kafa Dokoki

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, jihohi ne suka fara motsi. Edo ta haramta kaciyar mata a 1999, Kuros Riba ta bi sahu a 2000, Inugu ta kafa dokar kare matan da mazansu suka rasu a 2001, Legas ta kafa dokar hana cin zarafi a cikin gida a 2007, Ekiti kuma ta yi tata a 2011. A matakin tarayya an sami Dokar 'Yancin Yara ta 2003.

Ƙungiyoyin mata sun shafe fiye da shekara goma suna fafutukar samun doka guda gamammiya. Ƙudurin ya fara ne da sunan mata, amma bai sami shiga ba sai da aka faɗaɗa shi ya game kowane mutum. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa masa hannu ranar 25 ga Mayu, 2015, aka san shi da dokar VAPP. Dokar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe, ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ta sa shekara 12 a matsayin mafi ƙarancin hukunci ga baligi. Ta yanke har shekara 3 ga mai dukan abokin aurensa, da har shekara 4 ga mai yi wa mace kaciya, ta kuma ba kotu ikon hana mai cutarwa kusantar wanda yake cuta.

Amma da yake sha'anin laifuffuka galibi na hannun jihohi ne, dokar ta tsaya a Babban Birnin Tarayya, sai jihar da ta ga dama ta ɗauka. Jihohi da yawa sun yi ta jan ƙafa har zuwa 2020, lokacin da ƙararrakin fyaɗe suka yawaita a zaman kulle na annobar korona. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar gwamnoni ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, daga nan mafi yawan jihohi suka karɓi dokar. Kaduna ta yi gaba a watan Satumba, ta tanadi dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe.

5.0 Matsalar Harshe

Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka, kuma kashi 55 na waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Wannan shiru yana da tushe a harshe. A Hausa, mace ta kai kuka gida sai a ce mata "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne". Yarinyar da aka yi wa fyaɗe sai a ce an "lalata" ta ko an "ɓata" ta, kalmomin da ke ɗora tabon a kanta maimakon a kan mai laifin. Iyaye kuma sukan zaɓi "rufin asiri" a kan zuwa kotu. Ga shi dokokin da Ingilishi aka rubuta su, alhali yawancin matan da aka yi su dominsu da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Fulatanci suke kai ƙara.

6.0 Kammalawa

An ga yadda manufar hukuma ta ratsa matakai uku: na barin gida ga al'ada, da na yarjejeniyoyin da ba su da haƙora, da na dokokin da suka kira laifi da sunansa. Saura mataki na huɗu, wato isar da doka ga mai ita. A nan masana harsunan Nijeriya ke da rawar takawa. Wajibi ne a fassara waɗannan dokoki, a daidaita kalmomin da 'yan sanda da alƙalai da ma'aikatan asibiti za su riƙa amfani da su, ta yadda matar da ke ƙauye za ta san cewa abin da ake yi mata yana da suna a doka, yana kuma da hukunci. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.