Man da Ke Barci da Wanda Ba Ya Barci

Bahaushe yana raɗa wa mai suna ne da abin da aka tatso shi: man gyaɗa, man shanu, man riɗi, man kaɗanya. Manja ya ci sunan launinsa. Na jikin dabba kitse ne, in an narkar da shi a ce kakide, wanda ya rage a yatsu da bakin kwano kuwa maiƙo. Yawancin sunayen nan asalin mai suke faɗa. Ba ruwansu da abin da yake aikatawa bayan an haɗiye shi, alhali wannan ce damuwar mai ciwon suga da mai gudun kamuwa da shi.

Masana sinadarai na Faransa ma ta nan suka fara. Michel Chevreul, wanda ya fitar da littafinsa kan kitsen dabbobi a 1823, ya kira wani sinadarin kitse sitiyarik, daga sunan kakide a Girkanci. A 1840 Edmond Frémy ya ware wani daga manja, aka sa masa falmitik, daga sunan itacen kwakwar manja. Oleyik kuma daga sunan man zaitun ne a Latin. Sai dai sunayen suna da ruɗi. Falmitik yana cikin kitsen sa, da man shanu, da nonon uwa, har hantar mutum tana ƙera shi da kanta idan shinkafa da lemon kwalba suka yi wa jiki yawa. Oleyik shi ne kaso mafi girma a man gyaɗa, kuma manjan kansa yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na shi. Kowane mai gauraye ne.

Kalmar da ta fi kusantar gaskiyar lamarin a bakin matan gida take. In sanyin hunturu ya kama, sukan ce mai ya yi barci, wato ya daskare, kuma sun san wanda ke saurin barci da wanda ba ya yi. Kan wannan iyakar ce masana suka raba mai gida biyu. Sinadarin mai dogon jeri ne na kabon. Idan kowane gurbi a jerin ya cika da haidurojin, sai ya miƙe sak, ya kwanta jikin ɗan'uwansa kamar karan dawa a dami, shi ya sa yake daskarewa. Wannan ne Turawa suke kira da kalmar da ke nufin ya ƙoshi, mu ce ƙosasshen mai. Idan akwai gurbi ɗaya ko fiye da bai cika ba, jerin yakan lanƙwashe, ba ya jeruwa, man ya zauna ruwa-ruwa. Kakide, man shanu da manja suna ɓangaren masu barci. Man gyaɗa, riɗi, waken suya da zaitun suna ɗaya ɓangaren.

Insulin kuwa daga sunan tsibiri a Latin ya fito, saboda wasu 'yan tarin ƙwayoyin halitta masu samar da shi, da ke warwatse kamar tsibirai cikin gaɓar da ke bayan tumbi, waɗanda Paul Langerhans ya gano a 1869. Aikin insulin shi ne ya sa tsoka da hanta su kwashe suga daga jini. A 1936 likita Harold Himsworth na Landan ya nuna cewa masu ciwon suga iri biyu ne: waɗanda insulin ya ƙaranta a jikinsu, da waɗanda suke da shi amma jiki ba ya jin maganarsa. Mu duka ciwon suga muke ce musu, sunan da ke sa mutum ya zuba wa kwalin suga ido ya manta da kaskon suya. Ƙosasshen mai, musamman falmitik, idan ya taru cikin tsoka da hanta, yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai, irin su seramaid, masu katse saƙon insulin a cikin ƙwayar halitta.

An gwada wannan a kan mutane. Binciken KANWU na 2001 (ba shi da alaƙa da kanwa, haruffan farko ne na garuruwan Kuopio, Aarhus, Naples, Wollongong da Uppsala) ya ciyar da lafiyayyu 162 har wata 3. Waɗanda aka ba ƙosasshen mai, jin insulin a jikinsu ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Na masu cin mai irin oleyik bai ragu ba. Amma ribar ta ɓace ga waɗanda mai ya haura kashi 37 cikin 100 na kuzarin abincinsu, don haka kada mai son suya ya ce an ba shi lasisi. A 2014 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka ɗura wa matasa 39 kek har mako 7, na wasu da tataccen manja, na wasu da man sanfulawa. Ƙiba ta zo ɗaya, amma masu manja kitsen ya fi taruwa musu a hanta da kewayen hanji. A lura, wannan ɗura ce da gangan, ba cokalin manja a miyar kuka ba.

Inda suna ya fi yi mana illa, a ganina, shi ne kanti. Yau duk wani mai rawaya a jarka man gyaɗa ake ce masa, alhali da yawansa manja ne da aka tace, aka cire masa launi da ƙamshi, aka sanyaya shi aka tsame kashin da ya daskare. Abin da ya rage har yanzu yana da falmitik kusan kashi 40 cikin 100, yayin da na gyaɗa na gaske bai wuce kusan kashi 10 ba. Shi ya sa masu saye suka koma cewa man ƙuli idan na ainihi suke nufi, wanda aka matse aka bar tunkuza. Likita zai ce wa mara lafiya ya rage manja ya koma man gyaɗa, shi kuma ya je kanti ya auno manjan da aka wanke, a farashin da ya fi na jan tsada.