Jama'a

jàma'ā̀ (sn., mc., jam. jama'ō'ī, daga Lar.)

1. Taron mutane: ~ ta cika kasuwar Getso.

2. Mazauna ƙauye ko gari, maza da mata, yara da manya: dagaci ya tara ~rsa; ranka ya daɗe, yaya ~?

3. Adadin mutanen wani yanki: a ƙidayar 2006 ~r ƙaramar hukumar Gwarzo ta haura 180,000, ta Kabo 150,000.

4. (tar.) Mabiya Shehu Usman ɗan Fodiyo: ~ ta yi hijira zuwa Gudu a 1804.

5. (sn. wuri) Gari, kuma mazaɓa, a ƙaramar hukumar Gwarzo, yammacin Jihar Kano.

Dangogi: jam'ī̀ (nj.), jàm'iyyā̀ (mc.), jāmi'ā̀ (mc.).