Tarihin Tukunyar Sirace

Kai mai karatu na Bengu, ka san halin hunturu. Sanyi ya sauka cikin fadama, ƙura ta tashi, mura ta shiga gida. Hanci ya toshe, barci ya gagara. Sai uwargida ta ɗora tukunya, ta zuba ganye, ruwa ya tafasa. A lulluɓe ka da bargo, kana shaƙar tururi har gumi ya keto maka. Wannan shi ne sirace.

Sirace tsohon abu ne. Kakanninmu sun yi shi da abin da daji ya ba su, kamar sabara da ɗoɗɗoya. Amma leƙa tukunyar yau ka gani. Yawancin abin da ke ciki baƙi ne.

Ga dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Yana ƙofar gidanka, har ka ɗauka ɗan gari ne. To, asalinsa Indiya. A zamanin Turawa aka kawo shi Gana, daga can aka kai shi Barno a 1928. Sannu a hankali ya bazu ƙasar Hausa. Nan Nijar, a 1975 aka fara dasa shi layi-layi a kwarin Majiya, jihar Tawa, don ya tare iska. Inuwa da itace aka nema gare shi. Mutane suka ɗanɗana ɗacinsa, suka ce wannan ai magani ne, suka jefa shi a tukunya. Itacen turare kuwa daga Ostareliya ya fito. Man Mentholatum, wanda muke kira mantaleta, a Amurka aka fara yin sa, tun kafin 1900. Yau ana sayen irinsa a kasuwar Gaya, ko Kamba, ko Malanbil, a ɗiga cikin ruwan zafi.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sami mutum na farko mai korona a Nijar. Tsoro ya sa gidaje da yawa suka koma ga sirace safe da yamma. Likitoci suka ce tururi ba ya kashe ƙwayar cutar. Gaskiyarsu. Tun 2016 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila, da mutane fiye da 800 masu daɗaɗɗen toshewar hanci. Tururi bai buɗe musu hanci ba, sai dai ya rage ciwon kai. Wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta ya fi taimaka musu.

Ke nan sirace sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci, mura kuwa da kanta take tafiya bayan mako ɗaya ko biyu. In za ka yi, sauke tukunya daga wuta tukuna. Kada ka shiga bargo da garwashi, hayaƙinsa yana kisa. Kada a yi wa ƙaramin yaro, don ruwan zafi ya ƙona yara da yawa. In yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, wataƙila ciwon huhu ne. A kai shi gidan likita ranar nan.