Daga "Ɗan Gidan Waye?" Zuwa Takardar Gwaji: Ƙanjamau Da Neman Aure A Ƙasar Faskari

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, na ɗauko tarihin wata annoba da ta shiga tsakanin saurayi da budurwa a yankinmu na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, ta sauya yadda ake neman aure tun muna yara har zuwa yanzu da muke shirin aurar da namu 'ya'yan.

A da, idan yaro ya ga yarinya a dandali ko ranar kasuwar Sheme ya fara zuwa zance, binciken da magabata za su yi bai wuce abu uku ba: ɗan gidan waye, mece ce sana'arsa, sannan ko akwai kuturta ko taɓin hankali a danginsu. Duk abubuwa ne da ido yake gani, ko maƙwabci ya ba da labari. Sai ga cutar da mutum zai yi shekara bakwai ko goma tana cikin jininsa, yana noma, yana cin tuwo da kowa, ba wanda ya sani, har shi kansa.

A 1986 gwamnati ta fara bayyana cewa cutar ta shigo Nijeriya. Da labarin ya iso mana ta rediyo, cewa aka yi ciwon Turawa ne da 'yan bariki, ina ruwan ɗan ƙauye. Aka manta cewa ƙauyen ba a kulle yake ba. Titin Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara ya ratsa, manyan motoci suna kwana a tasha, kuma da an gama kaka samarinmu sai su tafi ci-rani Kaduna, Abuja ko Legas, su dawo da kuɗin aure gabanin damina. Mafi yawansu lafiya suke dawowa, amma wasu sun dawo da abin da ba su sani ba. Ga kuma askar wanzami guda da ake yi wa yara da yawa kaciya ko cire beli da ita, ga allurar da ake maimaitawa a kantin magani.

Sunan da muka raɗa mata ma ya nuna yadda muka gan ta: ƙanjamau, wato mai ƙanjamar da mutum, wasu kuma su ce "kabari kusa". A 2001, gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki a faɗin ƙasar nan ya nuna kashi 5.8 cikin 100 suna ɗauke da ita. Ku lura, masu zuwa awo aka ce, galibinsu matan aure a ɗakunansu.

A nan ne gizo yake saƙar. Da yake an ɗauka cutar karuwai ce, gidan mutunci ba ya yarda ta shigo masa. Magidanci zai kwanta doguwar jinya, a ce sammu ne ko jifa, a yi ta hayaƙi da rubutu har rai ya yi halinsa. Matansa su yi takaba wata huɗu da kwana goma, su fito zawarci, kowace ta auri wani mai mata biyu, ba wanda ya tambayi abin da ya kashe marigayin saboda kunya. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ba ta taɓa sanin namiji ba sai ta ɗauka a daren farko, ta haifi ɗa da ita, sannan dangin miji su ɗora mata laifin.

Mu marubuta mun ga wannan zamanin. Ɗan ƙasarmu Ibrahim Sheme ya fitar da 'Yartsana a 2003, inda ya bi rayuwar yarinyar da halin mutane ya jefa karuwanci, ya nuna hannun al'umma a cikin lalacewarta. Amma a littattafai da finafinai da dama na lokacin, ƙanjamau bulala ce kawai da ake ajiyewa a babin ƙarshe don a hukunta fitsararriya. Mai karatu sai ya ƙara sakankancewa cewa duk mai cutar mazinaci ne, to wa zai kai kansa gwaji?

Abin da ya fara karya tsoron shi ne magani. Gwamnatin Obasanjo ta soma shirin ba da shi a 2002, ya zama kyauta a 2006, tare da tallafin shirin PEPFAR na Amurka. Wanda aka yanke wa ƙauna sai ga shi ya murmure ya koma gona. A Bauchi, hukumar yaƙi da cutar ta riƙa haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ita. Sannan a 2012, da gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa a Kano ta hannun Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, aka sa gwaji ya zama sharaɗi. A ganina wannan ya fi tallar rediyo dubu, domin da malamai suka sa baki, uban yarinya ya sami bakin cewa "a kawo takarda" ba tare da an ce ya zagi dangin ango ba. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure a Kano.

Babban binciken 2018 ya nuna masu cutar sun koma kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49. Sai dai a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza fiye da sau uku. Har gobe nauyin a kan 'yan mata yake.

Korona ta zo a 2020 ta ƙara nata. Aka rufe makarantu a watan Maris, gwamnatin Masari ta hana taruka, zance ya bar ƙofar gida ya koma cikin waya, inda ba ƙanen da ake aikawa ya zauna kusa. Wasu sun ji daɗin aure ba bidi'ar biki, wasu 'yan matan kuma daga hutun nan ba su sake komawa aji ba. Mu a nan annobar ta haɗu da ta 'yan bindiga: a watan Yuni aka kai wa Kadisau hari, a Disamba aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. Wanda hanya ta gagare shi, ina zai je karɓar magani ko gwaji?

Don haka, ya kai ƙanena mai neman aure, da ke ƙanwata: ku je asibiti tare, a yi gwajin a gaban idonku, kada ku yarda da takardar da aka kawo daga aljihu. Ku maimaita bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya nunawa nan take. In sakamakon ya zo ba yadda ake so ba, ba mutuwa ba ce. Mai shan magani kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina nunawa a awon jini ba ya sa wa matarsa, kuma uwa mai shan magani tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Cin abinci tare, musabaha ko cizon sauro ba sa yaɗa ta.

Iyayenmu sun tambayi asali, kuma sun yi daidai. Mu sai mu ƙara da tambayar jini, tunda rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.