Yadda Tsohon Soja Ya Zama Uban Samari a Ƙasar Tchake

A zaman makokin tsofaffin sojoji a ƙauyukan Tchake, cikin ƙasar Mayahi, yabon da ake yawan yi wa mamaci shi ne cewa ya riƙe yaran gari. Ana nufin dattijon da ya tuɓe kaki amma bai ajiye usur ba, mai tara samari su yashe rijiya, su kafa rumfar kara ta makaranta, su haƙa kabari tun ba a aika musu ba. Irin waɗannan mutane suna ƙarewa, shi ya sa gardama ta tashi a kan inda ɗabi'ar ta samo asali.

Kakin da mutanen yankin suka fara gani bai zo da alheri ba. A 1899 ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ratso yana ƙone garuruwa, har sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Dokar Faransa ta 1919 kuma ta ɗora aikin soja na tilas na shekara 3, sarakuna suna ba da kason samari, galibi 'ya'yan talakawa. Waɗanda suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya Indocin da Aljeriya, sun zo da lambobin ƙirji, da Faransancin bariki, da iya ɗaure rauni.

Wasu 'yan boko suna cewa aikin 'yan sikawut ne ya haifi wannan hali, tunda Baden-Powell da ya kafa ƙungiyar a Ingila a 1907 soja ne, har ya yi yaƙin Asante. Ban yarda ba. Sikawut ta shigo Nijar da makarantar Nasara, ta zauna a birane irin Yamai da Maraɗi da Damagaram. Yaron da ke kiwon awaki a karkarar Mayahi bai taɓa ɗaura ƙyallen wuya ba, amma ya san gayya, ya san Sarkin Samari da ke fitar da su noman gonar gajiyayye da kiɗan ganga.

A ganina mahaɗar tsohon soja da samarin gari tana 1974. Seyni Kountché, wanda shi ma ya yi wa Faransa soja a Indocin da Aljeriya, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu ana tsakiyar fari da yunwa. Ya ɗauko Samariya, ƙungiyar samari ta gargajiya, ya mai da ita hannun gwamnati daga ƙauye har babban birni: dashen itatuwa, ginin azuzuwa, sharar gari, wasannin matasa. Nan kowane gari ya buƙaci wanda ya iya jera mutane sahu, ya rubuta sunaye, ya tsaya gaban hukuma ba tare da gwiwarsa na rawa ba. Wa ya fi tsohon soja? Masu cewa Samariya idon gwamnati ce kawai suna da tasu hujja, domin an yi amfani da ita wajen sa ido da tarbar manya. Sai dai rijiyoyin da aka yashe an sha ruwansu. Bayan taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka raba samarin, tsarin ya watse, dattawan suka ci gaba da kansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne da me aka biya su. A Disamban 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana ganin ƙari, su kuwa nasu yana tsaye shekara da shekaru. Sai a 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta Faransa ta ba wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, bayan shi kansa ya rasu. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai Janairun 2011, lokacin da akasarin waɗanda suka yi yaƙin 1939 zuwa 1945 sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.