Mafi Ƙarancin Albashi da Ma'aikatan da Doka Ta Tsallake

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Muhawarar da ta biyo baya ta karkata ne kan ko gwamnoni za su iya biya. Ba a cika tambayar wa dokar ta shafa a kamfanoni masu zaman kansu ba, alhali a nan ne giɓin albashi ya fi faɗi.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ware duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Haka ta ware masu aikin 'yan sa'o'i, da masu cin kamasho, da 'yan jinga, da masu aikin gona na damina. Dokar fansho ta 2014 ma sai wuri ya kai ma'aikata 15 take wajaba. Ke nan malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da yaron shago a Kantin Kwari, ba su da hurumin kai ƙara kan mafi ƙarancin albashi. Wanda ya samu ƙarin shi ne wanda tun farko yake da takardar ɗaukar aiki da ƙungiyar ƙwadago a bayansa.

Manyan kamfanoni kuwa sun samo wata kafar: ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila. A banki sai ka tarar da mutum biyu a kanta ɗaya, aikinsu ɗaya, amma wannan na banki ne, wancan na kamfanin da ya kawo shi, albashinsa bai kama ƙafar na abokin zamansa ba, ba kuma maganar ƙarin girma. Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta ce a daidaita su ba.

Masu ƙananan masana'antu suna da hujja idan suka kawo kukan tsadar wuta da man dizal, musamman tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Sai dai wannan hujja ta rangwamen haraji ce, ko ta ƙayyade musu albashi hawa-hawa. Ba ta kai a bar ma'aikacinsu babu ko sisin da doka ta lamunce masa ba. Bankin da ke bayyana ribar biliyoyi kuwa ba shi da wannan uzurin, ya kamata doka ta ɗora masa alhakin duk wanda ke yi masa aiki, ko ta hannun wa ya shigo.