Naciketa: Ma'ana da Yaɗuwar Wani Sunan Yanka na Sanskirit

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci Naciketa, sunan maza na harshen Sanskirit wanda masu ilmin addinin Hindu suka san shi sarai, amma iyaye ƙalilan ke raɗa wa 'ya'yansu. An bi ƙirar kalmar a nahawu, da labarin da ya zo da ita, da yankunan da ta fi samun gindin zama. Matsayin maƙalar shi ne, labarin ne ya ba sunan daraja, kuma labarin nan dai ne ya taƙaita yaɗuwarsa.

1.0 Gabatarwa

Raɗin suna a al'adar Hindu ibada ce mai ƙa'ida, ana kiranta namakarana. Littafin dokoki na Manu ya ajiye ta a rana ta goma ko ta sha biyu bayan haihuwa. Littattafan Girihya Sutara, waɗanda suka tsara ibadun cikin gida, sun fi son sunan namiji ya zo da gaɓa biyu ko huɗu, ya kuma fara da baƙi mai ziza. Na-ci-ke-ta gaɓa huɗu ne, kuma /n/ mai ziza ce. Haka kuma, iyalan da ke duba tauraro kafin raɗa suna kan ba yaron da aka haifa a manzilin Anuradha sunan da ya fara da na, ni, nu ko ne. Ke nan ta fuskar ƙa'ida babu abin da ya hana sunan bazuwa. Dole a nemi dalilin ƙarancinsa a wani wuri.

2.0 Labarin da ya zo da sunan

Mafi shaharar matanin da sunan ya fito a ciki shi ne Kata Upanishad, na mazhabar Kata ta Baƙar Yajurbeda, wanda manazarta ke ajiyewa a ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babi biyu ne, kowanne da sashe uku. Wani mutum, Bajashrabasa, ya shirya hadayar da ake ba da duk abin da aka mallaka, sai ya ɓige da rabon tsofaffin shanun da suka daina nono. Ɗansa Naciketa ya ga abin bai yi ba, ya tambayi uban wa zai ba da shi, tunda shi ma mallakarsa ne. A tambaya ta uku uban ya fusata, ya ce ya ba da shi ga mutuwa.

Yaron ya ɗauki maganar da gaske. Ya isa gidan Yama, ubangijin mutuwa a aƙidarsu, ya tarar ba ya nan, ya kwana uku ba ci ba sha. Barin baƙo Barahmin irinsa da yunwa babban laifi ne, don haka Yama ya ba shi zaɓin buƙatu uku. Ta farko, uban ya huce. Ta biyu, a koya masa sirrin wutar hadaya mai kai mutum sama. Yama ya koya masa, ya kuma ƙara masa da kyauta: daga ranar za a riƙa kiran wutar da sunansa. Ta uku ita ce tambayar ko mutum na wanzuwa bayan mutuwa. Yama ya yi ta zillewa, ya yi masa tayin giwaye da zinariya da dawaki da zuriya mai tsawon rai, yaron ya ƙi. Sauran littafin amsar wannan tambaya ce.

Labarin ya girmi Upanishad ɗin. Yana cikin Taittiriya Barahmana (3.11.8), inda buƙata ta biyu ita ce kada ladan hadayarsa da ayyukansa na alheri ya ƙare, ta uku kuma ya tsira daga maimaita mutuwa. Ya sake fitowa a Anushasana Parba ta Mahabarata da kuma Baraha Purana, inda aka fi karkata ga bayanin sakamakon lahira.

3.0 Ma'anar kalmar

Tushen sunan a nahawu shi ne naciketas. Idan ya zo a matsayin aikau sai wasalin ƙarshe ya tsawaita, daga nan ne Hindi da Bangali suka samo Naciketa. Manazarta William Dwight Whitney da Paul Deussen duka sun danganta shi da na, harafin korewa, da saiwar cit mai nufin sani ko lura. A wannan karatu, sunan na nufin wanda bai sani ba. Ya dace da labarin ƙwarai: yaron da ya san iyakar saninsa shi ne ya iya matsa wa mutuwa da tambaya. Akwai kuma karatun da ya haɗa sunan da na kshiti, rashin ƙarewa, bisa buƙata ta biyu ta Taittiriya. Wannan ya fi kama da wasa da kalma irin wanda marubutan Barahmana suka saba, kuma sauye-sauyen sauti ba su goyi bayansa ba.

Littattafan zaɓen sunan jarirai na zamani kuwa sukan ce ma'anar sunan wuta ce. Kuskuren yana da asali mai sauƙin ganowa. Sanskirit kan gina kalmar dangantaka ta hanyar tsawaita wasalin farko. Daga naciketas, mai gajeren wasali, aka samo naaciketa, wato abin da ya danganci Naciketa, kuma shi ne sunan wutar. A rubutun Debanagari, wanda ake rubuta Sanskirit da shi, bambancin a fili yake. Da aka juya su zuwa haruffan boko na yau da kullum, sai duka biyun suka zama Nachiketa. Mai karatun Hausa ya san irin wannan matsala, domin rubutunmu ma bai raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa ba. Wutar ce ta ci sunan yaron, masu tsara jerin sunaye suka juya zancen. A ganina akwai kuma dalilin kasuwa: uba mai neman suna zai fi saurin karɓar wuta a kan rashin sani.

4.0 Yaɗuwa

Ƙidayar jama'ar Indiya ba ta fitar da jadawalin sunayen yanka. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1969 ma ta yarda a yi wa jariri rajista ba suna, a kawo sunan daga baya. Don haka duk jerin da ke ikirarin nuna matsayin suna a faɗin Indiya daga wani rukunin mutane kawai aka tattaro shi. A Amurka kuwa hukumar inshorar jama'a tana fitar da jerin sunaye tun daga haihuwar 1880. Sunayen Indiya irin su Arjun da Aarav sun shiga dubun farko na sunayen maza, Naciketa bai shiga ba.

Abin da ya fi amfani shi ne duba inda sunan ya zauna. A Maharashtara da Gujarat ana jin Naciket, saboda harsunan yankin kan yar da gajeren wasalin ƙarshe. Misali shi ne Nachiket Mor, ma'aikacin banki wanda ya shugabanci kwamitin Babban Bankin Indiya da aka kafa a 2013, wanda rahotonsa ya share fagen kafa bankunan biyan kuɗi, da kuma Nachiket Barve mai tsara tufafi. A Bangal ana furta shi Nociketa, kuma mawaƙi Nachiketa Chakraborty ya sa kowane gida ya san shi tun daga faifansa na 1993. Sai Kambampati Nachiketa, matuƙin jirgin yaƙi samfurin MiG-27 wanda jirginsa ya faɗi a ranar 27 ga Mayu, 1999 a yaƙin Kargil, sojojin Pakistan suka kama shi, aka sako shi bayan kwana takwas ta hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross. Kamannin labarinsa da na mai sunan asali ba ya buƙatar sharhi.

Waɗannan yankuna ba su taru a banza ba. A Kalkata ta yankin Bangal ne Sadal Mishra ya rubuta labarin cikin zuben Hindi a 1803, a Kwalejin Fort William. A nan ne Ram Mohan Roy ya fassara Kata Upanishad a 1817, yana neman hujjar kaɗaita abin bauta daga cikin matanonin Hindu. A ƙarshen ƙarnin kuma Swami Vivekananda ya riƙa kafa wa matasa misali da Naciketa kan shraddha, wato sakankancewa. Sunan ya farfaɗo ne ta hanyar ɗab'i da makaranta da ƙungiyoyin gyaran addini, don haka ya fi zama a gidajen 'yan boko masu alaƙa da karatun Sanskirit.

Hanyar da sunaye ke bazuwa a ƙauyukan Indiya daban ce. Ram da Krishna da Shiba ana bauta musu, kiran yaro da sunansu zikiri ne a wajen iyaye. Naciketa ɗalibi ne, ba shi da babban biki a shekara, ba ya cikin jaruman Ramayana da ake wasan kwaikwayonsu a dandali. Wurin da aka fi dangantawa da shi wani ƙaramin tafki ne a gundumar Uttarkashi. Kuma salon 'yan shekarun nan ya karkata ga gajerun sunaye masu gaɓa biyu da ke da sauƙin furtawa a Landan ko Dubai.

Dalili mafi nauyi, a fahimtar mai wannan rubutu, yana cikin labarin kansa. Uba ne kan raɗa suna a kunnen jariri, kuma wannan suna ne na yaron da ubansa ya miƙa wa mutuwa da bakinsa. A al'ummar da ta daɗe tana fama da mutuwar jarirai, har wasu iyayen Bangal ke kiran ɗa Tinkori ko Pancakori, wato mai darajar wuri uku ko biyar, don kada mutuwa ta kula da shi, da wuya a so sunan da ke ambaton gidan Yama. Wannan zato ana iya gwada shi: rajistar masu zaɓe ta Indiya tana ɗauke da suna da shekaru da mazaɓa, don haka za a iya duba ko sunan ya fi ƙaruwa a gundumomin da mutuwar jarirai ta fara raguwa.